Shirme Mai Hankali

Hausawa sun ce da wasa ake faɗa wa wawa magana. Amma duk wanda ya zauna gaban akwatin talabijin ya kalli gajerun wasannin ban dariya zai ga an juya karin maganar nan. A can wawan ne yake faɗa wa masu hankali magana, su kuwa suna ta dariya har da hawaye, ba su ankara cewa da su ake yi ba. Wasannin da muke nufi su ne waɗanda ba su da dogon labari. Minti uku ko biyar an gama ɗaya an shiga wani, abin da ake nunawa a ciki kuwa hankali ba zai ɗauka ba: babban mutum yana tafiya kamar zalɓe, ko mai shago yana rantsuwa cewa mushen tsuntsu barci yake yi.

Iyaye da malamai da dattawa da yawa suna kukan cewa wannan abu shirme ne kawai, ɓata lokaci ne, yana kuma koya wa yara raini. Kukansu yana da dalili, za mu kuwa zo kansa. Amma ra'ayinmu shi ne, mai kyau daga cikin irin wannan wasa ba wauta ba ne. Mutane suna ƙaunarsa domin yana faɗin gaskiyar da kowa ya sani amma ba mai iya faɗinta da baki buɗe. Aikinmu a makaranta shi ne mu koya wa ɗalibai su rarrabe shirme mai hankali da shirmen banza, gama hana su kallo ba zai yiwu ba, tun da abin ya bar ɗakin baba ya koma cikin wayar hannu.

Bari mu ɗauki misali daga ƙasar Ingila, inda aka yi shirin da ya fi kowane suna a wannan fanni. Ran 5 ga watan Oktoba 1969 gidan talabijin na BBC ya fara nuna wani shiri mai suna Monty Python's Flying Circus. Sunan kansa ba shi da wata ma'ana, da gangan aka zaɓe shi haka. Samari shida ne suke rubuta shi, su ne kuma suke yin wasan: Graham Chapman, John Cleese, Eric Idle, Terry Jones, Michael Palin, da wani Ba'amurke mai zane, Terry Gilliam. Sun yi kashi 45 kafin shirin ya tsaya a 1974. Kada a ɗauka jahilai ne da suka rasa abin yi. Biyar daga cikinsu sun yi karatu a jami'o'in Cambridge da Oxford. Chapman likita ne, Cleese kuwa aikin lauya ya karanta.

Ɗaya daga cikin wasanninsu, wanda aka nuna a 1970, a kan wata ma'aikatar gwamnati ne da ba ta da wani aiki sai kula da tafiyar wauta. Ga babban ma'aikaci ya fito daga shago da baƙar kwat, da jakar hannu, da baƙar hula mai kama da ƙwarya a kife, fuskar nan a murtuke. Sai ya kama hanyar ofis yana cilla ƙafa sama har kusa da kai, yana durƙusawa, yana ja da baya, yana sake yin gaba. A ofis ya tarar da wani mutum yana jiransa, ya zo neman tallafin kuɗi daga gwamnati domin ya inganta tasa tafiyar. Mutumin ya gwada, babban ma'aikaci ya duba da kyau, ya ce wautar ba ta isa ba. Daga nan ya shiga kukan cewa kuɗin da ake ba ma'aikatarsu ya yi kaɗan in aka kwatanta da na tsaron ƙasa. Sakatariya ta shigo da abin sha, ita ma da irin tata tafiyar, kafin ta iso tebur duk ya zube.

Me ya sa Turawan Ingila suka yi dariya, mu ma da ba mu taɓa taka Landan ba muke yi? Domin in ka cire tafiyar, duk sauran abin gaskiya ne. Mun san ofis inda ake cika takarda a kan takarda, a buga hatimi, a ce a dawo gobe, alhali ba wanda zai iya faɗin amfanin da aikin yake yi wa talaka. Mun san ma'aikacin da ya fi damuwa da girman kujerarsa da kasafin sashensa fiye da mutumin da ke tsaye gabansa. Masu wasan ba su yi wa kowa lacca ba, ba su kira sunan kowa ba. Sun ɗauki abu ɗaya suka karkatar da shi, suka bar sauran a miƙe, sai mai kallo ya soma tambayar kansa ko waɗansu ofisoshi na gaske sun fi wannan amfani.

Wani wasan nasu, na watan Disamba 1969, ya fi wannan sauƙi. Mutum ya sayi aku a shagon tsuntsaye, ya kai gida ya ga mushe aka sayar masa, sai ya komo da shi. Mai shago ya ce ai hutawa yake yi. Mai saye ya yi wa akun ihu a kunne, ya fito da shi daga keji, ya buga shi a kan kanta, ya jefa shi sama ya faɗo ƙasa tim. Mai shago ya ce to yanzu ka sumar da shi. Da aka matsa masa sai ya ce kewar ƙasarsu ce take damunsa. Ashe ma da ƙusa aka kafe ƙafafun tsuntsun a kan sanda don kada ya faɗi. Wannan wasa ya shiga bakin mutanen Ingila har Firayim Minista Margaret Thatcher ta are shi a wani jawabi a 1990 domin ta yi wa wata jam'iyyar hamayya ba'a.

Mu ma mun san mai shagon nan. Shi ne makanikin da ya ce mota lafiyarta ƙalau, tana buƙatar turi ne kawai. Shi ne ɗan kwangilar da ya ce an gama aikin famfo, ruwan ne bai iso ba tukuna. Shi ne ɗalibin da aka kama da takarda a cikin safa ya ce bai san yadda ta shiga ba. Mutum yakan ji haushi ƙwarai in ana musun abin da idonsa yake gani, sau da yawa kuwa ba shi da ikon yin kome. Sa'ad da ya ga an kai wannan hali maƙura a talabijin, har maƙaryacin ya zama abin tausayi, sai ya ji kamar an sauke masa kaya. Wannan shi ne dalili na fari da ya sa ake son irin wasannin nan.

Dalili na biyu shi ne, ba manya kaɗai suke taɓawa ba, har mu masu kallo suna nuna mana kanmu. Kusan kowane ɗalibi ya san Mista Bin, wanda Rowan Atkinson ya yi. Kashi 15 ne kawai aka yi na ainihin shirin, daga 1990 zuwa 1995, amma ya gama duniya domin kusan ba a magana a ciki, ba ya bukatar tafinta. A kashi na fari, wanda aka nuna ran 1 ga Janairu 1990, Mista Bin ya shiga ɗakin jarrabawa da tarin alƙaluma yana taƙama. Ya buɗe ambulan, ya zaro takarda, sai ya ga tambayoyin ba na fannin lissafin da ya karanta ba ne. Ya ƙare lokacinsa duka yana dabarar leƙen takardar maƙwabcinsa. Saura minti biyu a tashi ya gane ashe takardu biyu ne a cikin ambulan ɗin, ta biyun kuwa ita ce tasa. Shekara nawa malamai suna cewa a karanta umarni kafin a fara rubutu? Wasan minti kaɗan ya koyar da abin da muke ta maimaitawa. A cikin kashin nan kuma an nuna shi a majami'a yana kokawa da gyangyaɗi lokacin wa'azi, yana ƙoƙarin jefa alewa a baki kada na kusa da shi ya gani. Wanda bai taɓa yin wannan yaƙi da barci a kan benci ba, shi kaɗai ne yake da izinin ƙin yin dariya. Atkinson ɗin nan kuwa injiniyan lantarki ne, ya yi digiri na biyu a Oxford.

Kada wani ya ce wannan al'adar Turawa ce aka kawo mana. Tun kafin a san talabijin, sarakunan ƙasar Hausa suna da wawan sarki, wanda yake faɗin abin da waziri ba zai iya faɗi ba, ya kwana lafiya. Akwai wasan gauta, inda matan fada suke kwaikwayon sarki da fadawansa, kowa ya ga halinsa a fili. Akwai kalankuwa bayan kaka, inda samari da 'yan mata suke naɗa nasu shugabanni da alƙalai su yi mulkin wasa. Akwai 'yan kama da suke shiga irin ta malamai, karatunsu duka a kan tuwo da miya. Talabijin ya tarar da abin ne a ƙasa, ya ɗauka ya kai shi kowane gida.

Iyayenmu da yayyenmu ba za su manta da Samanja Mazan Fama ba, wanda marigayi Usman Baba Pategi ya yi a gidajen rediyo da talabijin na Kaduna. Shi kansa soja ne, ya san bariki ciki da waje. Ya ɗauki tsawar samanja, da zare ido, da Hausar bariki gauraye da karyayyen Turanci, ya mai da su abin dariya. A tuna fa, sojoji sun yi mulkin ƙasar nan daga 1966 zuwa 1979, suka kuma komo daga ƙarshen 1983 zuwa 1999. A zamanin da ganin kaki yake sa gaban mutum ya faɗi, sai ga mai kaki a cikin akwati yana ta hargagi, yara da manya suna kwashewa da dariya, sojojin ma suna yi. Ya rasu a watan Nuwamba 2023, amma har yau in mutum ya cika tsawa a gida sai a ce masa Samanja. Daga Inugu kuma aka yi shirin New Masquerade, wanda James Iroha ya ƙago, inda Chika Okpala ya fito a matsayin Cif Zebrudaya, mai zuba manyan kalmomin Turanci a karkace da cikakken ƙarfin hali. Duk wanda ya taɓa jin mai neman a san shi ya yi boko yana jawabi a wurin biki ya san wanda ake nufi.

In da a ce wannan abu shirme ne kawai, da masu mulki ba su damu da shi ba. Amma tarihi ya nuna suna damuwa. A ƙasar Rasha an yi wani shiri mai suna Kukly daga 1994, inda ake amfani da 'yan tsana masu kama da shugabanni. Bayan kamfanin gas na gwamnati ya karɓe tashar NTV mai nuna shi a 2001, shirin bai wuce 2002 ba. A Masar wani likitan zuciya, Bassem Youssef, ya fara shirin ba'a ga 'yan siyasa a 2011. A 2013 aka kira shi gaban masu gabatar da ƙara, cikin zargin da aka yi masa har da na zagin shugaban ƙasa, a 2014 kuwa ya sanar da cewa shirin ya tsaya. A Ingila kuma shirin 'yan tsana na Spitting Image ya yi ta yi wa firayim minista da gidan sarauta ba'a daga 1984 har 1996, ba wanda ya rufe shi. Mai mulkin danniya yana iya jure zagi, gama zagi yana nuna ana jin tsoronsa. Dariya ce ba ya iya jurewa, domin mutumin da aka yi wa dariya ya koma daidai da kowa. Ana iya gane lafiyar ƙasa daga yadda take bi da masu ba ta dariya.

Yanzu bari mu koma ga kukan iyaye da dattawa, gama ba kome ne mai ban dariya yake da kyau ba. Da fari, a cikin shirye-shiryen Turawan nan da muka ambata akwai batsa da maganganun da ba su dace da yara ba, ba kuwa za mu ɓoye wannan ba. Yabon gwanintar mai dafuwa bai sa a cinye duk abin da ya zuba a akushi ba. Dole a yi zaɓe, zaɓen nan kuwa aikin manya ne tare da yara.

Na biyu, akwai bambanci mai girma tsakanin yi wa hali dariya da yi wa halitta dariya. Girman kai hali ne, cin hanci hali ne, ƙarya da ragwanci da taƙama halaye ne, mai su yana iya barinsu in ya ji kunya. Amma mai in'ina bai zaɓi harshensa ba, gurgu bai zaɓi ƙafarsa ba, yarinyar da ta zo daga ƙauye bakinta bai faɗa da Hausa ko Turanci ba, ba ta yi wa kowa laifi ba. Da yawa daga cikin gajerun wasannin da ake yaɗawa ta waya ba su da wani abin dariya sai nakasar wani, ko talaucinsa, ko kabilarsa. Wannan cin zali ne, ko da an yi masa kiɗa. A makaranta irin tamu, inda yara daga harsuna dabam dabam suke kwana a ɗaki ɗaya suna ci a tebur ɗaya, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Mun ga abin da rainin kabila da na addini ya jawo wa garuruwanmu, yawancinsa kuwa daga baki ya fara. Wani zai ce ai akwai wasa tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko tsakanin taubasai. Gaskiya ne, amma wannan wasa yana da ƙa'ida: kowane gefe ya yarda, kowa yana da ikon ramawa, ana kuma tashi da zumunci. Inda ɗaya yake dariya ɗaya yana haɗiye hawaye, ba wasa ake yi ba.

Na uku, akwai haɗarin da ba a cika ambata ba. Mutum yana iya yin dariyar mai cin hanci da dare, gari ya waye ya miƙa nasa a shingen hanya, ya ji ba kome. Dariya takan sauke nauyin zuciya, wani lokaci kuwa takan sauke shi har mutum ya daina jin ciwon abin da ya kamata ya dame shi. Shekaru da yawa ana yi wa ɓarayin gwamnati ba'a a ƙasar nan, satar ba ta ƙare ba. Wasan ban dariya yana nuna inda ƙurji yake, amma ba ya matse shi. Wannan aikin mai kallo ne.

Saboda haka muna ba ɗalibai shawara su riƙa yi wa kansu tambaya uku bayan sun gama dariya. Wa aka yi wa dariyar, mai ƙarfi ne ko marar ƙarfi? Abin da aka yi wa ba'a, mai shi yana iya gyara shi? Ni kaina ina cikin hoton nan ko kuwa? Wasan da ya ci wannan jarrabawa ya cancanci lokacinku. Wanda ya faɗi, ku wuce shi, kada ku tura wa wani.

Ga 'yan ƙungiyar wasan kwaikwayo kuma, ku sani shirme mai kyau aiki ne mai wuya. Samarin Monty Python ba hawa dandali suke yi su faɗi abin da ya zo bakinsu ba. Cleese da Chapman suna rubutu tare, Palin da Jones tare, Idle shi kaɗai, sa'an nan su taru kowa ya karanta nasa, abin da bai ba sauran dariya ba a ajiye shi gefe. Shi ya sa aikinsu ya daɗe. Wasansu na 1970 a kan wani gidan abinci da kusan kowane abinci sai an sa masa naman gwangwani mai suna Spam, ko mutum yana so ko ba ya so, shi ne asalin sunan da ake kiran saƙonnin banza masu cika akwatin imel. Harshen kwamfuta na Python ma, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, daga sunan shirin nan ya samo nasa, ba daga mesa ba. Saka tsumma da shafa gawayi a fuska da faɗuwa ƙasa ba su isa ba. Ku zauna ku lura da mutane, ku rubuta, ku soke, ku sake rubutawa. Abin rubutawa kuwa yana kewaye da ku: layin ɗakin cin abinci, shugaban ɗalibai da ya sami muƙami jiya yau tafiyarsa ta sake, mai zuwa asibitin makaranta duk ranar da za a yi noma.

Mu malamai ma sai mu shirya, gama in yara suka iya wannan sana'a za su iso kanmu. Wata rana za mu ga yaro ya ɗaura taye ya riƙe alli, yana maimaita kalmar nan da muke faɗi sau ashirin a darasi ɗaya, makaranta duka tana dariya. In ba ƙarya ya yi mana ba, bai kuma ci mutuncinmu ba, to mu yi dariya tare da su, mu gyara abin da ya kamata a gyara. Sarakunan da suka ajiye wawa a fada ba don sun rasa masu yabo ba ne. Sun san mai yabo ba zai gaya musu rawani ya karkace ba.

Ga iyaye, roƙonmu shi ne a maimakon kashe akwati da tsawa, a zauna a kalla tare da yara, a tambaye su abin da ya ba su dariya da dalilinsa. A nan ne za a ji abin da ke zuciyarsu, a nan ne kuma za a nuna musu iyaka.

Ku kuma da kuke barinmu bana, waɗansunku za su zauna a ofisoshi, waɗansu za su riƙe shaguna, waɗansu za su sa kaki. Ran da talaka ya tsaya gabanku da mushen aku a hannunsa, ku ce masa ya mutu, ku mayar masa da kuɗinsa. Allah ya ba ku hikima, ya kiyaye hanyarku.